Abednego Kuku da Ƙafar Yayansa

To, Gift, gyara zama ki rubuta yadda zan faɗa, kada ki gyara mini baki.

Abednego ɗan Yangoji ne, nan aka binne cibiyarsa. Su biyu ne maza a ɗakin uwarsu, shi da yayansa Ishaya. Ishaya shi ya ɗauko ƙarfin ubansu, in ya sunkuya da garma da safe sai rana ta take tsaka kafin ya miƙe. Abednego kuwa ɗan siriri ne, kunya goma zai yi ya fara neman inuwa. Lokacin da ake gina Abuja, motocin kamfani suna tsayawa a Gwagwalada suna kwasar lebura, sai ya bi su. Bai yi sati yana ɗaukar siminti ba, shugaban lebura ya dube shi ya ce, wannan zai mutu mana a hannu, a kai shi kicin ya yanka albasa.

A kicin ɗin ya tarar da wani tsohon kuku mutumin Filato, sunansa Zacharias, wanda ya daɗe yana dafa wa Turawa. Shi ya koya masa aiki. Abednego bai yi boko ba, har yau in ka rubuta masa sunansa sai dai ya ce hannunka na da kyau. Amma kunnensa ba ya zubar da magana. Zacharias zai ɗaga abu ya faɗi sunansa da Turanci sau ɗaya, shi ke nan ya zauna. Abincin safe burekfas, na rana lanci, na yamma dina. A dafa da ruwa boyil, a soya firai, a turara sitim, a gasa giril. Burodin da aka ƙona wa fuska da gangan tos ne. Ɗanyen ganyen da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta ci, salad. Ruwan miya da ake sha da cokali ba tuwo a gefe, suf. Kafin shekara biyu ya san miyar da ake ce wa situ, ya san omilet, ya san kastad, ya san wane cokali ke kwana a dama wane a hagu.

Zacharias ya kuma koya masa doka ɗaya da ya ce ta fi girkin muhimmanci. Kuku ba ya kallon bakin oga. Ka jera abinci, ka ce an gama, ka juya ka koma kicin. Sai an kira ka ka zo ka kwashe. Ya ce, wanda ya tsaya yana kallon loma, ko mayunwaci ne ko ɗan leƙen asiri, kuma duk biyun korarsu ake yi.

Da wannan doka Abednego ya yi shekara talatin da huɗu a gidajen manya. Ya yi Garki, ya yi Maitama, ya ƙare a Asokoro gidan wata madam da ba ta cin gishiri. Ba a taɓa korarsa ba, sai dai oga ya tashi ko ya mutu. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, matarsa kuma ta riga ta rasu, yara sun kama gabansu, sai ya tattaro wuƙaƙensa uku da farar rigar kuku ya dawo Yangoji, ya gina ɗaki biyu nesa kaɗan da gidan yayansa.

A gida ba wanda ya nemi iliminsa. In ya manta ya ce bari in je in yi lanci, sai matasan bakin titi su kwashe da dariya. Matar Ishaya, Alice, ita ta fi kowa tsokanarsa, kin san matar wa da ƙanin miji. In ta gan shi tafe sai ta ɗaga murya.

“Ga Bature ya iso! Yau me za a ci, ciyawa ko ruwan zafi?”

“Maman Friday, ke dai ba ki san duniya ba.”

“Na san tuwo. Zauna in zuba maka, ko iska ta daina ɗaukar ka.”

Sai ya zauna ya ci, ya suɗe hannu.

Bara waccan, da ruwan fari ya sauka, Ishaya yana gyaran kunyar doya sai garma ta sare shi a babban yatsan ƙafar hagu. Ba wani sara ba ne, irinsa ya sha su. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Sati uku ciwo bai kame ba, sai ma ya fara wari, ƙafa ta kumbura har idon sawu. Abednego ne ya tsaya masa a kai sai da suka hau mota zuwa asibiti a Gwagwalada.

Aka ɗebi jini aka auna. Likita ya ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa bai sani ba, shi ya hana ciwon warkewa. Bai ɓoye musu ba. Ya ce za su wanke ciwon, za su ba da magani, amma in sugan bai sauka ba ruɓar za ta hau, in ta hau sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ishaya ya dubi ƙafar ya ce, “Likita, manomi da ƙafa ɗaya ai an binne shi ne an manta ba a rufe ba.”

Likita ya ce to sai ya kiyaye abin da zai ci, ya tura su wurin wata ma'aikaciya, Sista Felicity, mai kula da abincin marasa lafiya. Ta ɗauko takarda da aka buga da Turanci, ta fara karantawa tana juya wa Ishaya da Hausa a hankali. Tana cewa burekfas, sai ta ga ƙanin ya gyara tsayuwa. Ta ce ot, wato hatsin nan na gwangwani da ake damawa kamar kunu, ba suga, da ƙwai ɗaya boyil. Abednego ya ce, “Yes, ma.” Ta ce lanci, kifi giril, da kabeji da karas sitim. Ya ce, “Yes, ma.” Ta ce dina, suf na ganye da kaza ba fata.

Sista ta ajiye takarda ta ce, “Baba, kai ka san waɗannan?”

“Sista, shekara talatin da huɗu ina dafa su. Karanta mini sau ɗaya kawai har ƙasa, ki bar mini sauran. Kada ki wahalar da bakinki.”

Ga layi a waje ya kai bakin ƙofa. Ta ji daɗi ta samu wanda ya san aiki, ta karanta masa har ƙasa, ya maimaita mata bai bar ko layi ɗaya ba. Ishaya yana zaune yana kallon ƙafarsa, bai ji rabin abin da aka ce ba.

Da suka dawo gida Alice ta tare su a ƙofa ta ce me likita ya ce. Abednego ya ce, “Ga ƙwayoyi, safe da yamma. Ga kuma abin da aka rubuta masa a takarda, sau uku a rana. Wannan ni zan riƙa haɗawa, ba aikinki ba ne.”

Alice ta ce to, Allah ya ba da lafiya.

Ranar nan Abednego ya fito da farar rigarsa daga akwati ya wanke ya goge. Ya wasa wuƙaƙe. Ya je kasuwar Gwagwalada ya zaɓo kabeji da hannunsa yana matsawa, ya ƙi na mutum uku kafin ya saya. Ba shi da tukunyar sitim, sai ya huda tsohon faranti da ƙusa ya ɗora a bakin tukunya. Ƙarfe bakwai na safe yana ƙofar gidan Ishaya da kula a hannu. Zai shimfiɗa ɗan ƙyalle a kan benci ƙarƙashin mangwaro, ya jera faranti da cokali, ya ce, “Yaya, an gama.” Sai ya juya ya tafi gida. Ƙarfe ɗaya haka, ƙarfe shida haka. In ya dawo ɗaukar kwanuka ya tarar da su fes, Alice ta wanke ta kife.

“Ya cinye?”

“Tas. Ba ya wasa da shi.”

Duk sati biyu suna komawa asibiti a wanke ciwo a auna jini. Zuwa na farko suga bai sauka ba. Na biyu ya ƙara hawa. Likita ya ɓata rai, yatsan ya fara baƙi. Sista Felicity ta ja Abednego gefe ta ce, “Baba, ka tabbata kana bin takardar?” Ya ji kamar ta mare shi. Ya lissafa mata abin da ya dafa tun daga Litinin har Lahadi, da yawan man da ya sa. Ta ce to ita dai ba ta gane ba. Ta tambayi Ishaya ko yana cin abin da ake kawo masa, ya ce ko ƙwaya ba ya bari. Gaskiya ya faɗa.

Abednego ya dawo ya zargi kansa. Ya ce ko karas ne ya yi zaƙi, ya cire. Ya ce ko man ne, ya daina sawa sam. Ya rage gishiri har abincin ya koma kamar na madam ɗin Asokoro. Ya rame ya fi mai ciwon, Ishaya kuwa sai ƙiba yake yi.

Ranar wata Talata da safe, ya jera burekfas ke nan ya ce an gama, sai sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka kwashi benci da gudu suka shige rumfar ƙofar ɗaki. Ba halin tafiya. Abednego ya zauna a kan turmi ya juya baya yana kallon ruwa, don kada a ce yana kallon bakin mai ci. Yana jin ƙarar cokali. Ishaya ya shanye ot ɗinsa, ya ɓare ƙwai ya haɗiye, ya yi gyatsa ya ce, “Na gode wa Allah.” Sannan ya ɗaga murya.

“Maman Friday, na sha. Kawo abinci.”

Abednego ya waiwayo. Ga Alice ta fito daga madafa, ta rufe kai da buhu, hannu ɗaya babban kwanon ɗumamen tuwon masara, malmala uku, miya na tururi, ɗaya hannun kofin kunu irin na lita, ta zuba suga har cokali na tsayawa. Ta dire a gaban mijinta. Ta ce, “Bature, yau ruwa ya kama ka, sai ka sa hannu.”

Abednego ya miƙe tsaye. “Mene ne wannan?”

“Tuwo. Ko a Asokoro an canja masa suna?”

“Kullum haka kuke yi?”

“Kullum me? Mutum ya sha magani bai ci abinci ba? So kake maganin ya kwana a cikinsa ya ƙwaƙule masa hanji?”

“Wane magani? Abin da nake kawowa shi ne abincin!”

Ishaya ya tsaya da hannu a cikin ruwan wanke hannu. Ya ce, “Kai, Abednego. Ba daga asibiti aka rubuto shi ba?”

“Daga can ne.”

“Ba kai ka ce sau uku a rana ba?”

“Ni na ce.”

“Ba daɗi, ba gishiri, ba ya ƙosarwa, an rubuto shi a takarda, sau uku a rana. In wannan ba magani ba ne, mene ne? Ni har ina yaba maka, na ce maganin nan na ƙanena da sauƙin haɗiya.”

Alice ta ce, “Har ƙara masa tuwon na yi, na ga magani ya yi yawa, kada ya fi ƙarfinsa.”

Abednego ya fara faɗa. Ya ce sun kashe shi, sati shida yana tashi da asuba a banza, likita na kallonsa kamar maƙaryaci. Ya ce mutanen da ya dafa wa a Maitama da wannan suke rayuwa, ga su nan garau har da gudu da safe. Ishaya ya bar shi sai da ya gaji, sannan ya ce, “To tsaya in tambaye ka. Kai da ka shekara talatin kana dafa musu, in ka gama, shi kake ci ka kwanta?”

Tambayar ta kama Abednego. Don gaskiyar magana, duk gidan da ya yi aiki yana da ƙaramar tukunya a ɗakinsa na bayan gida. In ya kwashe faranti ya goge tebur, ko an bar masa rabin kaza sai ya ɗora ruwa ya tuƙa tuwonsa. Bai taɓa kwana a kan suf ba ko sau ɗaya. Ya san sunan abincin nan duka, ya san hannunsa, amma shi ma cikinsa bai taɓa lissafa shi a abinci ba. Ya koma kan turmi ya zauna.

Ya ce, “Yaya, laifina ne. Na karɓi magana a bakin Sista ban kawo muku ita duka ba. Amma yau ɗaya, don girman Allah, kada ka ci wannan tuwon duka. Ci ɗaya. Kunun kuma a ba ni.”

Ishaya ya ci ɗaya yana harararsa.

Washegari Abednego ya koma Gwagwalada, wannan karon ya tafi da Alice. Ya faɗa wa Sista Felicity abin da ya faru, bai rage ba. Sista ta dafe kai, ta yi dariya, sannan ta daina, don ta san yadda yatsan yake. Abednego ya ce, “Sista, ajiye takardar nan. Yayana ba zai rayu a kan sitim da giril ba. Faɗa wa matarsa da Hausa, da abin da ke cikin rumbunta.”

Suka zauna su uku. Sista ta ce tuwo ba a hana shi ba, amma malmala ɗaya, kamar dunƙulen hannun mai ci. Miyar ganye kuwa ya sha ta da yawa, zogale, rama, kuɓewa, ayayo. Wake ya ci. Kifi ya ci. Kunu da suga a manta da shi. Kuma abin da ya ci ɗin nan shi ke nan, ba wani na biyu a bayansa.

Alice ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Sista, na ji. Amma maigidana a waje yake cin abinci, ƙarƙashin mangwaro, kowa na wucewa yana gaishe shi. Shekara arba'in ban taɓa kai masa kwano ba a cike ba. Yanzu yana ciwo in ajiye masa loma ɗaya tana yawo a gindin kwano? Kafin yamma an kai labari coci, an ce Alice ta gaji da jinya tana kashe shi da yunwa. Danginsa ma ga ɗaya a zaune, shi zai fara.”

“Ni ba zan fara ba,” in ji Abednego.

“Kai ba a lissafa ka, Bature ne.”

Sista ta ce ya riƙa ci a ɗaki mana. Alice ta ce in ya shige ɗaki ai sai a ce ya kusa, a fara zuwa gaisuwa.

Suka hau mota suka kamo hanyar gida. Da suka iso Kwali Abednego ya ce wa direba ya sauke shi. Ya nemi gidan wata mai ginin tukwane, Safara'u, ya ce mata yana son kaskon tuwo, daga waje babba irin na maigida, amma daga ciki kada ya ɗauki fiye da dunƙulen hannu. Ya dunƙule nasa ya nuna mata, ya ce ta ƙara kaɗan, na yayansa ya fi girma.

Safara'u ta ce, “Baba, mutane na zuwa su ce in yi musu mai ɗaukar da yawa. Kai rowa za ka yi wa wa?”

Ya gaya mata. Ta ce in ta cika gindin da yumɓu zai fashe a wuta. Ya ce ta gwada. Ta gwada, ya fashe. Na biyu sai ta yi masa gindi biyu, sama da ƙasa, tsakiya ba komai, ta huda ƙaramar kafa a ƙasa don iska ta fita. Wannan ya fito lafiya, ta yi masa zane a baki kamar na kowa.

Ran da aka fara zuba tuwo a ciki, malmala ɗaya ta zauna ta yi tozo har ta fi bakin kasko, miya ta kewaye ta. Wani maƙwabci ya wuce ya ce, “A'a, Baban Friday, ciwo bai hana ka aiki ba!” Ishaya ya ce a zo a ci. Da mutumin ya wuce, ya sa hannu, loma ta huɗu yatsunsa suka daki ƙasa. Ya ƙwanƙwasa kaskon, ya dubi ƙaninsa.

“Wannan munafukin kwano fa?”

“Na Kwali ne, Yaya.”

“Na san na Kwali ne. Ina sauran tuwona?”

“Yana wurin likita. In ƙafa ta warke ka je ka karɓa.”

Tun daga ranar Abednego ya daina ajiye abinci ya juya. Alice ke dafawa, shi kuma ya zo ya zauna a benci ɗaya da yayansa, da nasa dunƙulen a faranti, su ci tare, yana kallon kowace loma ba kunya. Watan farko Ishaya ya yi ta masifa. Ya ce yunwa za ta kashe shi kafin suga. Sau biyu aka kama shi a madafa yana kankare ƙanzo, sau ɗaya Alice ce da kanta ta ba shi don tausayi, Abednego ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta. Amma awo na gaba suga ya sauko. Na bayansa ya ƙara saukowa.

Yatsan dai bai tsira ba, ya riga ya mutu tun a sati shidan nan. Aka cire shi. Abednego ya zauna a bakin ɗakin tiyata bai ci komai ba har aka fito da yayansa. Bayan wata biyu likita ya kwance bandeji, ya danna nan ya danna can, ya ce nama ya haɗe, ruɓa ta tsaya, ba sauran maganar yanke ƙafa.

Ishaya ya ce, “To zan iya shiga gona?”

Likita ya ce da takalmin roba mai tsawo, da safa, kuma kullum da yamma a duba ƙafar.

Ƙarshen damina ya shiga. Da yana tara kunya dubu, wannan karon ɗari uku ya yi, yana ɗingishi kaɗan, yana zagin takalmin wai yana dafa masa ƙafa. Da ƙafarsa yake zuwa, da ita yake dawowa. In ya iso ya zauna a benci, Abednego ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo ya cire masa takalmi, ya duba tsakanin yatsu huɗun ɗaya bayan ɗaya.

“Lafiya lau, Yaya.”

“To tashi, kada kai ma a ce sai an kai ka Gwagwalada.”